Kifin Da Ya Ƙwace Min A Kasuwa

Na ga saƙonninku. Wasu na cewa in daina ja musu rai in faɗi ko na je, wasu kuma har sun aurar da ni a ransu sun raɗa wa 'ya'yana suna. Ku kwantar da hankalinku, na je. Kuma abin da ya faru a can ba wanda ya canka daidai a cikinku.

Ga sababbin shigowa, sunana Chinatsu Koshida, shekarata ashirin da takwas, 'yar Kanazawa ta ƙasar Japan ce ni gaba da baya. Gidanmu gidan sushi ne, wato yankan kifi a kan lomar shinkafa, tun zamanin kakana, kujera tara a ƙasa, mu kuma muna kwana a sama. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ke zuwa kasuwar kifi da sassafe, ni ke dafa shinkafar gidan in haɗa ta da ruwan tsami, ni ke feɗe kifi a ɗakin baya. Amma da zarar baƙi sun ɗaga labule sun shigo, iyakata kawo shayi da kwashe faranti. Baba ne kaɗai ke tsayawa a bayan kanta. Wai hannun mace ɗumi gare shi, yana ɓata kifi. Haka babansa ya ce masa, haka shi ma ya ce min ina 'yar sha bakwai, kuma har yau bai ƙara min wani dalili a kai ba.

To tun bazara hannun Baba na dama ya fara rawa. Ba sosai ba, baƙo ba zai lura ba. Amma ni na lura, Mama ta lura, sannan Gwaggo Fumie, yayar Baba, ta lura. Abin da Gwaggo ta lura da shi kuwa ya zama aiki. Cikin wata biyu ta samo mafita: a nemo min miji mai sana'ar sushi, ya shigo gidanmu, ya ɗauki sunanmu, ya gaji kantar. Ni kuma in ci gaba da kwashe faranti, sai dai yanzu na mijina.

Wanda ta samo sunansa Shuhei Nagumo. Shekara talatin da uku, ɗa na biyu a gidansu, don haka ba mai riƙe shi in zai canza suna. Ya yi shekara tara yana koyon sana'a a Tokyo, uku a ƙasashen waje, bara ya buɗe nasa wurin a bakin kogin Sai. Da Gwaggo ta ajiye hotonsa a teburinmu, Baba ko kallo bai yi ba.

"Wannan mai hura wa kifi hayaƙi yana barbaɗa masa ɓawon lemo? In ya shigo gidan nan zai koyi irin namu daga farko."

Wato dai ya amince ke nan. Ni ba a tambaye ni ba, sai da na ce, "Zan je in gan shi. Gani kawai na ce." Gwaggo ta ji rabin farko ta zubar da na biyu.

Kafin in kai ku wurin, bari in ba ku abin da ya same ni a kasuwa kwana goma kafin ranar. Farkon Disamba ne, an kwana ana tsawar nan da ke zuwa da kifin buri. Da safe na tarar da wani a kan ƙanƙara, daga gaɓar Noto, kilo goma sha biyu da ɗoriya. Kafaɗa cike, ciki da tauri, ido garau. Na ɗora tafina a gefensa na ji kitsen ta cikin fata, na ce a raina yau sai Baba ya yi murmushi ko bai so ba. Na juya in kira mai kifin. Ko minti ɗaya ban yi ba, ina dawowa na ga wani dogo da hular ulu ruwan toka da takunkumi a fuska ya manna takardarsa a jikin kifin.

"Kai mai hula, wannan nawa ne."

"Ban ga suna a jikinsa ba."

"Ka ga hannuna a kai ai."

"Shi ya sa na ɗauka," in ji shi. Ya rusuna min, ya wuce abinsa.

Kwana uku ina yanka citta ina ganin hular nan a kan katako.

Ranar Lahadi sai ga saƙo daga lambar da ban sani ba: "Koshida-san, Nagumo ne. Fumie-san ta ce mu haɗu a ɗakin shayin otal. Ni ban iya magana a otal ba. Gobe Litinin wurina a rufe yake, ku zo da sha biyun rana in ba ku abinci. Akwai abin da ba kya ci?"

Wannan "san" ɗin girmamawa ce a wurinmu. Na rubuta masa: "Shinkafar da ba ta dahu daidai ba."

Ya karanta nan take. Aka yi minti shida. Sai ya turo: "Na gane."

Litinin tun ƙarfe tara Gwaggo ta iso da tasi, rungume da kimono, tufar gargajiyarmu, ja mai dogayen hannaye da zanen tsuntsaye, irin na 'yan mata ranar bikin cika ashirin.

"Gwaggo, in na miƙa hannu hannayen nan za su share masa kanta."

"Ai ba hannu za ki miƙa ba, murmushi za ki yi."

Na buɗe aljihun kabad ɗin kakata na ciro nata, shuɗi mai duhu da siraran layuka, na haɗa da ɗamara ruwan toka. Gwaggo ta ce na yi kama da mai zuwa gaisuwar mutuwa. Sai na shaƙi iska na tsaya.

"Gwaggo, turare kika sa?"

"Ɗigo ɗaya."

"A kantar sushi, inda yake danne ƙamshin kifi? Ke da aka haifa a gidan nan?"

Ta harare ni, amma ta shiga banɗaki ta wanke wuyanta. Mama na ɗaure min ɗamara ta baya tana ja har numfashina ya tsaya, ta ce a hankali, "Ki ci duk abin da ya ba ki, ki ce da daɗi. Don girman kakarki, Chinatsu, ki riƙe bakinki yau." Gwaggo kuma ta kama hannayena ta juya su, ta ga tabon wuƙa da fatar da ruwan sanyi ya tsattsage, ta ce in ɓoye su a ƙarƙashin kanta.

Da muka sauko Baba na bayan kantarsa yana goge wuƙa, shinkafar ranar na riga na haɗa masa tana rufe a baho. Na ce na tafi. Ya ce, "Uhm," bai ɗago ba.

Wurin Nagumo-san tsohon ɗakin ajiya ne aka gyara, ba allo, ba suna, sai ƙaramar fitila a bakin ƙofa. Ciki kujera takwas, kanta fara sol ta katako ɗaya, ba gilashin kifi irin namu. Shi kaɗai ne. Ya fi hotonsa tsawo, kansa a aske, kunnuwansa manya. Ya rusuna, muka rusuna, Gwaggo ta fara karanto tarihina kamar mai tallan gida: na iya girki, na iya shirya fure, ba ni da hayaniya. Nan ya ɗan kalle ni ta gefen ido. Na share.

"Omakase ne," in ji shi. "Abin da sanyi ya kawo, shi zan ba ku."

Ya fara da ƙaguwa, macen nan 'yar ƙarama da ba a kama ta sai wata biyu a shekara. A gidanmu tsoka da ƙwai muke jerawa a cikin ɓawon, mu ba ka ruwan tsami a gefe. Shi ya daskarar da ruwan tsamin ya zama kamar raɓa, ya zuba a kai, ya goga ɓawon lemon yuzu. Na shirya in raina. Na sa cokali, ƙwayayen suka fashe a haƙorina, tsamin ya narke a daidai lokacin da zaƙin ya taso. Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji haushi. Ya yi daɗi.

Sai ya wanke hannu ya jawo bahon shinkafa, ni kuma na daina jin surutun Gwaggo. Hannu nake kallo. Mai sushi zai iya yi maka ƙarya da baki, da faranti, da tsadar katako, amma yatsunsa ba sa ƙarya. Nasa ba sa gaggawa. Ya ɗebo, ya lakato wasabi, koren yajin nan, juyi uku, ya ajiye a gabana, lomar ta ɗan zauna ƙasa kamar ta saki numfashi. Farin kifi ne da ya kwana a cikin ganyen teku, da gishiri ƙwaya uku a kai. Na ɗauka da hannu. Gwaggo ta taka min ƙafa don na fito da hannun, na ƙyale ta.

Shinkafarsa ja-ja ce, ruwan tsaminsa tsoho, ya fi namu ƙarfi. Ta watse a baki ba tare da na nema ba.

"Yaya?" ya tambaya.

"Ta dahu."

Kunnuwansa suka yi ja. Namiji mai shekara talatin da uku, an ce masa shinkafa ta dahu, kunne ya yi ja! Na ɗauki shayi na kurɓa don kar dariya ta kufce min.

Bayan nan jatan lande mai zaƙi ya biyo, da shuɗin ƙwansa a kai da garin kansa da aka soya aka daka. Sai ika, farin naman tekun nan mai hannuwa da yawa, da ya yanyanka siri-siri kamar gashi ya sake haɗawa, har ta zama kamar madara a harshe. Wayata na cikin ɗamara tana ta girgiza min ciki. Da ya juya baya zai hura wuta na leƙa. Mama ce, saƙo uku a jere: "Ya yake?" "Kin yi murmushi?" "Kin ce wani abu ko?" Na tura mata hoton babban yatsa na mayar.

Ya cusa karan shinkafa a wata tukunyar ƙasa ya kunna, hayaƙi ya tashi mai ƙamshin gona bayan girbi. Ya fito da wani yanki na kifi, ruwan hoda da farin kitse ratsa-ratsa, ya riƙe shi a kan hayaƙin yana ƙirgawa a ransa. Ya yanka, ya ɗora, ya sa gogaggen daikon, farar saiwar nan mai ɗan yaji, a kai.

"Buri ne," in ji shi. "Na Noto. Kilo goma sha biyu da ɗoriya. Yau kwanansa goma yana kwance a wurina."

Hannuna ya tsaya a iska. Na ƙirga kwanakin baya. Na kalli tsawonsa. Na ɗaga tafina na rufe rabin fuskarsa daga inda nake zaune, daga hanci zuwa ƙasa.

"Kai ne mai hula!"

"Ni ne."

"Ɓarawon kifi!"

"Chinatsu!" Gwaggo ta kusa faɗowa daga kujera. "Nagumo-san, ka yi haƙuri, ba ta saba..."

"Ki ci tukuna," ya ce da ni, "zai huce. In kin gama sai ki ci gaba da zagin."

Na ci. Da ni na saya, ranar zan yanka shi, gobe ya ƙare. Shi ya jira kwana goma har ruwan jikinsa ya tafi, kitsen ya kwanta, hayaƙin ya yanke ƙarnin ya bar zaƙi zalla. Na rufe ido. Kifina ne, ni na zaɓe shi, amma ban taɓa sanin zai iya kaiwa nan ba.

"Tun bara nake bin bayanki a kasuwa," ya ce yana goge wuƙa, bai kalle ni ba. "Duk kifin da kika taɓa kika bari, shi nake saye, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ranar nan kika juya baya, na ce yau dai bari in ɗanɗana na ɗayan. Ban kyauta ba. Amma ban yi nadama ba."

"Wato shekara guda kana cin ragowata."

"Baƙina ba su yi ƙorafi ba."

Gwaggo ta fara murmushi tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kamar ta ga ranar biki a rubuce a bango. Ni kuwa zuciyata ta buga sau biyu a wurin sau ɗaya, na ce mata ta nutsu, ba abin da ya kawo mu ke nan ba.

Loma ta gaba nodoguro ne, sarkin kifin garinmu. Ya ɗauko garwashi da maɗauki ya danna a kan fatar, kitse ya yi cuwi, ya ɗora ya ajiye min. Na ci. Na ajiye hannuna a kan cinya.

"Yaya?"

Gwaggo ta mintsine ni ta ƙarƙashin kanta. Na tuna Mama da ɗamararta. Na duba idonsa, na ga da gaske yake tambaya.

"Kifin ya yi. Shinkafar ta kashe shi."

Ban tsaya nan ba.

"Ka tsaya surutu a kan buri, bahonka ya huce. Nodoguro kitse ne zalla, in ya sauka a kan shinkafa mai sanyi sai ya daskare ya liƙe a dasashi. Kuma ka matse ta da yawa don kana tsoron kar ta tarwatse. Wannan kifin shinkafa mai ɗumi yake so, sako-sako, tsami ya ɗan fi haka."

"Wasa take yi," in ji Gwaggo da wata irin dariya. "Yarinyar akwai barkwanci."

Nagumo-san ya jawo kifin. Ya yanka wani, ya ƙona, ya ɗora, ya jefa a bakinsa. Ya tauna a hankali. Sai ya ajiye hannayensa biyu a gefe ya rusuna min sosai.

"Haka ne. Na gode."

Nan na ga ba amfanin ɓoye-ɓoye. Na gyara zama.

"Nagumo-san, tunda mun fara gaskiya mu ƙarasa. Abincinka ya fi yadda na zata, kai ma haka. Amma ba zan aure ka don ka rufe nan ka zo ka tsaya a kantar gidanmu ina miƙo maka faranti ba. Wurin nan nawa ne. Shekara goma sha ɗaya nake jiransa."

Ya ƙura min ido. "In rufe nan? Wa ya ce zan rufe nan?"

"An ce ka yarda ka ɗauki sunanmu ka gaji Baba."

"Ni kuwa an ce min kin gaji da gidanku, kina son inda za a bar ki ki riƙe wuƙa."

Muka juya tare muka kalli Gwaggo. Ita kuma ta ga wani abu mai ban sha'awa ƙwarai a ƙasan kofin shayinta.

"Gwaggo."

"Yo da na faɗi gaskiya za ku zo?" Ta dire kofin. "Shi ya same ni da kansa ya ce yana son a haɗa shi da 'yar Koshida mai zuwa kasuwa. Babanki kuma ba zai saurari kowa ba sai mai gado. Na ba kowa abin da kunnensa ke so, na ce in kun zauna ɗaki ɗaya kwa gyara sauran. Laifi ne?"

"Kai ka nemi a haɗa mu?" na tambaye shi.

Kunnuwan nan suka sake kamawa. "Na ci abinci a gidanku sau biyu a watan Satumba. Ke kika kawo min shayi, ko kallona ba ki yi ba. Ina cin lomar farko na san wanda ya dafa shinkafar ba shi ne ya ɗora kifin ba. Hannu biyu ne daban. Na so in san ɗayan."

Ni Chinatsu da ba a raba ni da amsa, na ɓige da juya kofin shayi. Shi ya cece ni. Ya shiga ciki ya fito da sabon baho yana tururi, ya ajiye, ya ɗaga katakon da ke gefen kanta inda ake wucewa.

"Ki nuna min."

"Me?"

"Nodoguron. Na ji bayani, ban gani ba. Saura yanka huɗu."

Masu karatu, taku uku ne tsakanin kujerata da wurin. Na yi su ba tare da na tambayi kowa ba. Ya miƙo min igiya na ɗaure hannayen kimono ta baya, ya ba ni farin gyauton aiki na ɗaura a kan ɗamarar kakata. Na wanke hannu har gwiwa. Na ɗanɗana shinkafar, na ƙara mata tsami kaɗan, na yanka ta da ludayin katako. Wuƙarsa ta fi tawa nauyi, amma da ta shiga kifin ta san hanya. Na danna garwashi, na tsoma yatsu a ruwa, na tafa sau ɗaya, na ɗebo.

Sau dubu nawa na yi wannan a ɗakin baya da ragowar kifi, ina ci ni kaɗai a tsaye? Ban taɓa ajiye wa wani a gabansa ba. Na farkon na ajiye wa Gwaggo.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ture tsinken cin abincinta gefe, ta ɗauka da yatsu, ta juya shi ta sa a baki. Ta tauna, ta haɗiye. Sai ta ɗago ta kalli yatsuna.

"Wa ya koya miki sakin babban yatsa haka?"

"Baba nake kallo."

"Babanki ni na koya masa." Ta zaro hankici daga hannun rigarta. "Ina sha biyar yana sha ɗaya. Sai mu jira kakanki ya tafi wanka, in kama masa yatsu in nuna masa. Na fi shi nesa ba kusa ba, kuma ya sani. Ranar da kakanki ya kama ni a bayan kanta, da tsumma ya jefe ni. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ban sake taɓa shinkafar gidan nan ba."

"To me ya sa kike son a yi min irin abin da aka yi miki?"

"Don ban zaci babanki Tatsuo zai taɓa sauyawa ba. Na ce gara ki zauna a gidan ko da a bayan miji ne, da a rufe shi gaba ɗaya." Ta fyace hanci. "Ƙara min ɗaya."

"Na Nagumo-san ne na biyun."

Ya zagaya ya zauna a kujerar baƙi, a cikin kantinsa, ya ɗora hannaye a gwiwa kamar ɗan makaranta. Na yi masa. Ya ci, ya kalli rufin ɗaki, ya furzar da numfashi.

"Koshida-san, maganar aure ki ɗauki duk lokacin da kike so, ko ki ce a'a. Amma ranar Laraba zan canza yadda nake yin wannan, kuma zan gaya wa duk wanda ya tambaya a wurin wa na koya."

"Maganar aure ban ce a'a ba," na ce ina goge katako. "Na ce ba zan miƙa maka faranti ba. Ka fara da daina bin bayana a kasuwa. In kana son kifi, ka zo gefena ka yi sallama kamar mutum."

Ina cikin faɗin haka na ji ƙarar ɗaukar hoto. Gwaggo ce riƙe da waya, tana danne-danne da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci.

"Gwaggo, me kika yi?"

"Na tura wa Tatsuo."

Ta juyo min da wayar. Ga ni tsaye a bayan kanta, hannaye a ɗaure, wuƙa a gabana. A ƙasa ta rubuta: "Na ci. Ya fi naka."

Alamar an karanta ta fito muna kallo. Ba amsa. Nagumo-san ya tashi ya zuba mana miya, muka sha ba wanda ya ji ɗanɗanonta. Minti goma, sha biyar. Sai wayata ta girgiza. Mama ce: "Me kuka yi?" Wani ya biyo: "Babanki ya sallami baƙi biyu da haƙuri, ya sauke labule." Wani kuma: "Tun da na aure shi bai taɓa rufe kanti da rana ba. Ya fita ko kwat bai sa ba."

Gwaggo ta karanta ta kan kafaɗata. "Cire gyauton nan," ta ce, muryarta ta sauya. "Maza ki dawo kujera."

"A'a."

"Chinatsu, na san ƙanena."

"Ni ma na san babana. A nan zai same ni."

Ban rufe baki ba ƙofa ta zuge. Baba ne, cikin fararen kayan aikinsa da takalmin katako, dusar ƙanƙara a kafaɗunsa. Nagumo-san ya miƙe ya rusuna har ƙasa. "Maigida, sannu da zuwa. Laifin nawa ne, ni na..."

Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya kalli yayarsa, ta ɗaga haɓa ta rama. Ya kalli kanta, ya kalli baho, ya kalli yadda na ajiye wuƙa da tsumma. Ni ya kalla a ƙarshe, kuma na tsaya ƙyam ban sunkuyar da kai ba.

Ya kakkaɓe kafaɗunsa. Ya jawo kujerar tsakiya, wadda ke daidai gabana, ya zauna. Ya ɗora hannayensa biyu a kan katako, na daman yana rawa a fili, bai ɓoye shi ba.

"Kai kuma zauna nan kusa da ni," ya ce da Nagumo-san. "In na gama da ita, da kai zan yi."

Sannan ya juyo gare ni.

"Me kike jira? Fara da farin kifi."

Na tsoma yatsuna a ruwa, na tafa.